Ranar da Aka Haɗe Tagwaye

"Kai ka kashe ni, ga ni kuma na zo da ƙafata."

Tsohuwa ta buga katin asibitinta a teburin mai kwamfuta. Sau uku tana zuwa karɓar maganin ciwon sukari, sau uku ana ce mata na'ura ta nuna ta rasu.

"Yi haƙuri, Mama," in ji shi. "Bayanan marasa lafiya muka kwashe daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa. Duk inda aka ga uba ɗaya, gida ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai aka haɗe, an ɗauka mutum ɗaya aka rubuta sau biyu."

"To tagwaye ne mu, sarkin ilimi. Ƙanwata ce ta rasu."

"Yanzu zan raba ku."

Har ta kai ƙofa, sai ta ja ta tsaya. "Yaushe kuka haɗe mu?"

"Ɗaya ga watan jiya."

Ran goma ga watan ta kawo ƙanwarta da tari kawai. Aka yi mata allura, ko la'asar ba ta kai ba.

"Akwai allurar da jikinta ba ya ɗauka tun muna yara. Da jan biro aka rubuta a katinta. Duba mini, ni ban yi boko ba."

Ya duba, ya sake dubawa. Hannunsa ya sauka daga kan teburin.

"Naki aka bari, Mama. Nata aka goge."

Ta jawo kujera ta tare ƙofar, ta zauna.

"Ni bar ni a macen. Kira mini wanda zai amsa maganar ranta."