Dilan Ranar Alhamis

Dila na bakwai ke nan Gawie ya tarar rataye a shingen ƙofar gonarsa, kai ƙasa, rami ɗaya tal a bayan kafaɗa. An ɗaure ƙafafunsa a waya ta uku daga ƙasa, da irin ƙullin da ake yi wa nama idan za a shanya. Gawie ya fito daga a-kori-kura, ya sunkuya ya duba, ya ji kamar shi aka rataye.

Haka ake yi a Karoo, busasshen yankin nan na masu kiwon tumaki. Wanda ya kashe dila sai ya rataye shi a shinge, duk mai wucewa ya san gonar da mai ita. Matsalar Gawie, ba shi ke kashe su ba.

Wata uku dila na cinye masa 'yan raguna. Ya sayi bindiga mai dogon zango, ya ɗora mata madubin saiti, ya ƙaro na'urar auna nisa da ta auna iska, har da riga mai launin ƙasa da hularta. Duk da wannan kaya, abu ɗaya ya taɓa samu da harsashi: tankin ruwansa.

Kuma mataccen dilan ba ya bayyana a shingen sai ranar Alhamis, ranar da Gawie ke kulle bindiga a kabad ya tafi gari sayayya.

"Ashe hannu ya buɗe, Gawie," in ji Oom Basie a shagonsa da safen ranar, dattijon da ke sayar masa da harsashi. "Ko maƙwabci ne ke taya ka aikin gida?"

Shagon ya kwashe da dariya. Maƙwabcin kuwa Dolf ne, gwauro, dogo kamar turken famfon iska. A wajen mahaifin Ansa, matar Gawie, ya koyi harbi, a can kuma ya riga Gawie neman aurenta. Shekara ashirin da wucewar wannan, amma har yau in an fito coci Dolf ya ɗaga mata hula sai ya manta bai mayar ba.

Da yamma Gawie ya sami Ansa tana yankan nama.

"Dolf ya zo nan yau?"

"Me ka ce?" Ta zare auduga daga kunne. Ciwon kunnen nan nata yakan tashi jefi-jefi.

"Na ce Dolf."

"Ya wuce ta titi, ya ɗaga hannu." Ta ci gaba da yanka. "Ka ga dilan? Ko ma wane ne, tsohona, hannunsa ba ya rawa."

Ta faɗa da wani ɗan murmushi. Murmushin nan ya hana Gawie cin abinci. Washegari ya ɗauko bindiga don ya huce, ya tarar maɓallin madubin ya sake gocewa ɗan taki uku zuwa hagu, kamar kowane mako. Ya zagi masu ƙera shi, ya mayar yadda littafin ya ce, ya harbi gwangwani sau biyar. Gwangwanin ko gezau.

Sai ya yanke shawarar kama Dolf da hannu dumu-dumu.

Ya sauke dila na bakwai, ya feɗe shi a bayan rumbu, ya cusa wa fatar busasshiyar ciyawa, ya sa mata ƙafafun waya da idanun maɓallin riga. In ka tsaya nesa ka kanne ido ɗaya, dila ne sak, sai dai kamar yana fama da ciwon ciki.

Alhamis da sassafe ya yi wa Ansa sallama, ya tayar da mota da ƙara don kowa ya ji, ya je ya ɓoye ta bayan tsauni. Ya dasa dilansa a kan tudu, sama da kwamin da ragunan ke shan ruwa, inda ake hangowa daga ko'ina. Ya auna: mita ɗari huɗu zuwa shingen Dolf, ɗari shida da ashirin zuwa gidan shi Gawie. Ya kwanta cikin duwatsu, ya saita madubin hangen nesa a kan shingen Dolf, yana maimaita maganar da zai gaya masa a gaban coci.

Awa ɗaya. Tururuwa suka gano rigar mai launin ƙasa. Iska ta taso daga yamma. Gawie ya duba na'urarsa, ya ji daɗi: a wannan iska ko Dolf sai ya kuskure.

Kan dilan ya tarwatse. Ciyawa ta tashi sama, sannan ƙarar ta iso.

Ya bi shingen Dolf da madubi daga wannan turke zuwa wancan. Ba mota, ba doki, ba hula. In Dolf ba a shinge yake ba, to yana cikin gonar. Ƙila ma a barandar Gawie yake, kan kujerarsa, da kofinsa a hannu.

Bai san lokacin da ya kai gida ba. Baranda ba kowa, sai buhun masara da aka ɗora a kan katakon da ya kewaye barandar. Ya wuce ɗaki a fusace, ya buɗe kabad don ya ɗauki bindiga ya nufi gidan Dolf. Ya damƙi bakinta, ya tsaya cak.

Da ɗumi.

Ansa ta leƙo daga kicin, gajeriyar mace da gari a hannu, tana zare auduga daga kunne.

"Wannan na ciyawar kai za ka rataye shi, tsohona," ta ce. "Kuma don Allah ka daina juya mini madubi."