Kibiyoyi Uku a Kan Taswira

Ranar Alhamis Sunniva ta ga Torgeir bai tafi da burodinsa da cuku ba, ta naɗe a takarda ta bi shi makarantar da yake koyarwa. Jiya Laraba ce, kuma kowace Laraba mijin nata tsallaken ruwa yake kwana wajen mahaifiyarsa mai ciwon ƙafa, daga can ya wuce aiki.

Ta tarar shugaban makaranta ya kira shi. Ɗaliban suka ce ta zauna, ta raɓe a kujerar baya.

Darasin lissafi na haɗa kibiyoyi suke yi. Ta san shi sama-sama, don Torgeir ya sha gwada mata a teburin cin abinci: inda tsinin kibiya ya tsaya, nan za a ɗora gindin ta biyu. Kullum sai ta rikice, shi kuma ya yi dariya ya ce ta bar wa kanta wahala. Ƙawarta Gunvor ce kaɗai ke ce mata kanta ba kwakwa ba ne. Tun zuwanta garin nan ba ta da kowa sai su biyun.

Yau yaran ne suka shirya wa juna tambayoyi a kan taswirar gari. Wata mai suna Ylva ta turo mata tasu, da rula da fensir. Kibiya uku ce daga ƙofar makaranta, ta ce, in an haɗa daidai za a sauka a gidan malaminsu.

Sunniva ta ji daɗi. Ko ba komai ta san amsar, yau zai ga ta iya.

Ta ja ta farko gabas, ta ɗora ta biyu a tsininta, ta uku ta yi kudu. Sai fensirin ya tsaya a bayan coci, nesa da unguwarsu, kan ɗan gidan nan mai koriyar ƙofa inda take shan kofi wajen ƙawarta duk Lahadi. Kunya ta rufe ta. Ta goge, ta sake a hankali. Nan dai ya koma.

"Na ɓata ko?" ta ce ƙasa-ƙasa.

Ylva ta leƙa, ta tafa.

"Wa ya ce? Kin ma fi su Vetle 'yan ajinmu! Gidan Torgeir ke nan. Duk safiyar Alhamis muna ganin jan kekensa a ƙofar, Gunvor na ɗaga masa hannu ta taga."