Hular da Ta Sha Ruwan Zafi

Da Sadiƙa ta fito zauren gidansu a Gangara, idonta bai sauka kan fuskar Atiku ba, sai kan hularsa. Wata uku ta yi tana ɗinka masa ita, jan zare bisa fari. Yau jan ya zuba cikin farin, kamar an yanka zakara a kanta.

"Ran Juma'a magabatana za su taho daga garin Isa," in ji shi, baki har kunne.

"Wa ya wanke hulag ga?"

"Mai wankin hula na bakin tasha."

"Ko mahaukacin mai wanki ba ya kai hula ga ruwan zahi. Ruwan randa na ce maka. Wanga aikin mace ne mai neman a yaba mata."

Ya cire hular yana jujjuya ta. "Firdausi ce, ɗiyar gwaggona. Roƙo ta yi ta yi."

"Kai kuma sarkin tausai ka miƙa mata."

"Haba Sadiƙa, hula ce fa kawai!"



"Abin da na ɗinka da allura ka bayar aka dahwa shi. Kaina za ni ba ka? Ran Juma'a su zarce gidan gwaggo."

Ta shige ciki, ta bar shi tsaye, kai ba hula.