Maƙerin da Ya Ari Huhun Ƙanensa

Kai Malam Barau, ka kashe ni da raina! Mutum kamar ni, wanda ake barin tuwo da zafinsa a zo jin hirarsa, yau tarinka ya watsa mini majalisa kaf, har kajin maƙwabta sun yi ƙaura. An ce ka koma wurin masu gwajin numfashi, ka ce kai ba ka yarda da su ba. To gyara zama ka ji labarin wani maƙeri da ya fi ka zargi.

Maƙerin nan a cikin hayaƙin gawayi ya yi furfura, ga taba ba ta barin bakinsa. Wasu likitoci masu binciken yadda ciwon huhu ke cin mutum a hankali suka riƙa zuwa garinsu duk bayan kaka. Kowa ya hura iska cikin wani bututu, su duba, mai bukata su ba shi maganin shaƙa kyauta. Ya hura bana, ya hura baɗi, kullum sai a ce numfashinsa ya ƙara raguwa. Sai ya zauna gindin uwar maƙera yana saƙe-saƙe. Wa ke rabon abu kyauta in ba wani abin yake kwasa ba? Kuma ina suke kai iskar da ake hura musu? Ya ce lallai bututun nan ne ke yashe masa ƙirji, a ɗura a tukwane a kai wa masu hali a birni. Amma fa maganin yana so. Yana da ƙane manomi, kamarsu ɗaya, mai ƙirji kamar na bijimi. Ya sa masa hularsa da rigarsa mai hujin tartsatsi, ya ce, "Je ka hura musu da sunana, ka karɓo mini abina." Ƙanen ya hura har bututu ya yi fito. Likitoci suka yi ta mamaki, suka ce wannan ba ya bukatar komai, suka ba wani maganin.

Ita kuwa cuta ba ta san an yi dabara ba, ta ci gaba da aikinta kamar gara a jikin azara. Da farko tudun masallaci ke sa maƙerin haki. Daga baya sai ya buga guduma sau ɗaya ya tsaya neman iska, kafin ya ƙara ƙarfe ya huce. Ranar da aka turo shi wurin likitocin a amalanke, ya zama ƙashi da rai, likita ya ce da an ci gaba da bin sawun cutar da an rage mata gudu, amma abin da ta cinye ya tafi. Aka rufe maƙera. Iskar da ya yi wa bututu rowa, yanzu ko kokonsa ba ta iya hurawa ya huce.

Ka ji, Malam Barau: garin neman ƙiba, an samo rama.