Goyon Dogo

Harsashi ya fasa gwiwar Saje a tsakiyar fili, inda ko ƙadangare ba shi da maɓoya. Kafin ya gama salati, Dogo, kurtun da ya fi kowa shan tsawarsa, ya rarrafo ya goya shi.

"Sauke ni, ka tsira da ranka. Umarni ne."

"Oga, in mun isa ka hukunta ni."

Harsasai na ta tone ƙasa dama da hagu. Dogo ya yi tangaɗi, ya yi nishi, ya ci gaba. Saje ya ji jini mai ɗumi na jiƙa masa ciki. Ya tabbata an sake samunsa, sai ya fara kalmar shahada.

"Ɗaga murya, Oga, ni ma in bi ka."

A bakin tantin likita Dogo ya sauke shi a hankali, ya jingina da buhun yashi.

Likita ya yage rigar Saje, ya laluba. "Ba rauni a nan. Jinin nan ba naka ba ne."

Saje ya juya ya kira Dogo. Idanunsa a buɗe suke, amma bai amsa ba.