Ta Ruwa Zuwa Gidan Su Hajo

Injiniya Jumare ya murza totur, hancin jirgin ruwansa ya ɗaga sama, shi kuwa ya ƙyalƙyale da dariya. Tun da council, wato hukumar gari, ta rage ma'aikata da shi a ciki, shekara biyu yana haɗa jirgin nan a unguwarsu, Cheetham Hill. Injin baya mai ƙarfin doki ɗari da hamsin, farfela sai da ya canza uku.

Yau zai kai gaisuwar neman auren Hajo, bazawarar unguwar Lozells da ke Birmingham, ya kuma rantse ta ruwa zai je. A taswira ya ga hanyar ruwa har Birmingham, bai tambayi kowa ba.

"Salihu, kai bi mota," ya ce wa amininsa. "Ka ce wa yayyenta kafin la'asar za su ji rurin injina!"

Bai yi nisa ba wani dattijon Bature ya daka masa tsawa: dokar hanyar nan mil huɗu ce a awa. Ga ƙofofin ruwa da ake buɗewa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa mai jan kare ta wuce shi, har da ɗaga hannu.

Kullum yana waya: "Salihu, riƙe min su da hira."

"Haba mutumina, ai ban bar gidan nasu ba."

Rana ta bakwai ya iso, babbar riga duk baƙin mai. Ƙofar gida cike da takalma, ana rabon dabino. Salihu ya fito cikin farar shadda, ya rungume shi.

"Madalla, Injiniya! Dama shaida ɗaya muke jira a ɗaura min aure da Hajo."