Ƙwayar Mijin Tabawa

Tun da aka fara dasa wa jarirai ƙwayar ƙarfen iridiyam a bayan kunne ranar suna, hukuma ba ta yarda mutum ya mutu sai an narkar da tasa. Layin tanderun gwamnati kuwa shekara bakwai ne.

Tabawa ta gama takaba, ga manemi ya fito, sai ta kai ƙwayar mijinta maƙerar Ɗantani. Ya zuga wuta tun hantsi har la'asar. Awartaki ya yi jawur, ƙwaya ko gezau.

"Baiwar Allah, guda ce, ba haɗi ba tsaga. Wutata ba ta cin ta."

"To ni matar wa ce?"

"Matar mai ƙwayar."

Ta ƙulle ƙwayar a bakin zane, da sauran ɗuminta.

"Mu je gida, Malam," ta ce wa ƙwayar.